FASHIN BAƘI: Hatsarin miƙa wa baƙo makullin shafin intanet gaba ɗaya, da abin da ya kamata ƙungiyoyin Yauri su sani

A ƙasar Yauri, tattara sunayen jama'a ba sabon abu ba ne. Kafin ruwan madatsar Kainji ya taru a 1968, sai da aka bi tsibirai da ƙauyukan bakin Kwara ana ƙidaya gidaje, domin a sake wa mutane sama da 40,000 matsuguni a ƙasashen Yauri da Borgu. Tun daga lokacin, kusan duk alheri ko musibar da ta sauka a yankin takan zo da takardar sunaye.

Haka aka yi bayan kifewar jirgin ruwa kusa da Wara, a Ƙaramar Hukumar Ngaski, ranar 26 ga Mayu, 2021. Haka aka sake yi makonni uku bayan nan, ranar 17 ga Yuni, da 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashi ɗalibai da malamai. Kuma duk daminar da ambaliya ta cinye gonakin shinkafa a Shanga ko Ngaski, akan rubuta sunan manomi da ƙauyensa da lambar wayarsa, wani lokaci har da lambar asusun bankinsa, don neman tallafin hukumomi irin su NEMA da HYPPADEC.

Abin da ya canja shi ne ma'ajiya. A da, irin wannan takarda tana kwana cikin akwatin magatakarda, makullin kuma yana aljihunsa. Yanzu fayil ce, kuma sau da yawa takan ƙare a shafin intanet na ƙungiyar ci gaban gari, ko na makaranta, ko na wata ƙaramar kafar labarai da matasa suka kafa. Mafi yawan irin waɗannan shafuka wani masanin kwamfuta ne daga waje yake gina su. Idan aka bukaci wani ya ɗora hotuna ko ya gyara wani abu, sai a tura masa suna da kalmar sirrin shafin ta WhatsApp. Kalma ɗaya ce, kowa ita yake amfani da ita, kuma ba safai ake canja ta ba.

A yankin da ake fama da masu satar mutane da masu kai musu rahoto, takardar da ke nuna wane ne ya ba da gudunmawar naira nawa, da lambar wayarsa da unguwarsu, ba kayan da za a bari a buɗe ba ce.

Gidan haya ne

Kowane shafin intanet yana zaune ne a kan wata kwamfuta da ba ta kwana, wadda ake kira sabar. Ƙungiya ba ta buƙatar mallakar tata. Takan kama hayar wuri a wajen kamfanin da ke ba da masauki, ta riƙa biya duk shekara. Sunan shafin kuma, wato adireshin da ake rubutawa don a isa gare shi, hayarsa dabam ce. Sunayen da suka ƙare da .ng suna ƙarƙashin kulawar ƙungiyar NiRA, su kuwa na hukumomin gwamnati masu ƙarewa da .gov.ng, hukumar NITDA ce ke amincewa da su.

Da zarar an biya hayar, kamfani zai ba wanda ya yi rajista suna da kalmar sirri na shiga allon sarrafa masaukin. Allon da aka fi cin karo da shi a kamfanonin Najeriya shi ne cPanel. Wannan makulli na maigida ne. Wanda ya riƙe shi yana iya buɗe kowace fayil, ya shiga akwatunan imel ɗin da aka buɗe da sunan shafin, ya sauke rumbun bayanai gaba ɗaya, ya goge kwafin ajiya, ya kuma canja kalmar sirrin ya bar masu gidan a waje.

Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin tsarin gidansa ya riga ya warware matsalar. Akwai zaure, inda kowa ke iya tsayawa ya yi sallama. Akwai ɗakin baƙi. Akwai cikin gida, akwai turaka. Ba rashin mutunci ba ne a sauki baƙo a ɗakin baƙi, kuma shi kansa baƙon kirki ba ya jin daɗin a ce masa ga makullan gida duka, domin ranar da wani abu ya ɓace shi za a fara kallo.

A masaukin shafi, zauren shi ne jakar da ake kira public_html. Duk abin da aka ajiye a cikinta, a ƙa'ida, duniya na iya isa gare shi idan ta san adireshinsa. Nan ne kuskure na farko yake faruwa, tun kafin a yi maganar baƙo: a ɗauki takardar sunayen waɗanda ambaliya ta shafa a jefa cikin wata jaka a zauren, da tunanin cewa tunda ba a sa mahaɗinta a fuskar shafin ba, ba wanda zai gani. Idan ba a kashe tsarin nuna jerin fayiloli ba, duk wanda ya rubuta adireshin jakar zai ga abin da ke ciki layi-layi, kuma Google ma na iya tsinto shi ya ajiye.

Yadda ake yanka wa baƙo ɗaki

A ɗauka wata ƙungiyar matasa a Yelwa tana bibiyar ayyukan mazaɓa a Yauri da Shanga da Ngaski, ta kuma ɗauki mai hoto na wata guda don ya riƙa turo hotunan rijiyoyin burtsatse da ajujuwan da aka ce an gina. Tambayar farko ita ce ko yana buƙatar taɓa fayilolin masaukin ma. Sau da yawa amsar ita ce a'a.

Idan shafin da manhajar WordPress aka gina shi, kamar sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya, manhajar da kanta ta raba matsayi biyar. Na sama yana iya komai. Edita yana iya wallafa rubutun kowa ya kuma gyara shi. Marubuci yana wallafa nasa kaɗai, yana kuma ɗora hotuna. Na ƙasa da shi yana rubutawa ne ya jira edita ya amince, ba ya ma iya ɗora hoto. Na ƙarshe kuwa mai karatu ne kawai mai rajista. Wakilin da ke turo labari daga Wara ba shi da abin yi da matsayin sama, amma sau da yawa shi ake ba kowa don gudun kai-komo.

Idan kuma dole ne baƙon ya shiga fayiloli, kamar mai gyaran fasalin shafi ko mai turo manyan bidiyo, cPanel yana da sashen buɗe ƙarin asusun FTP. FTP tsohuwar hanya ce ta tura fayil tsakanin kwamfutoci. Abhay Bhushan ne ya fara rubuta ƙa'idojinta a 1971, tun kafin a san za a yi intanet irin na yau. Wajen buɗe asusun ana cike abu huɗu: suna, kalmar sirri, jakar da baƙon zai tsaya a cikinta, da iyakar nauyin kayan da zai iya ɗorawa. Layi na uku shi ne ran abin. Idan aka rubuta sunan jaka guda, baƙon ba zai ga abin da ke samanta ba. Idan aka ba shi tushen masaukin, an ba shi gidan ne da wani suna.

Akwai tarko biyu da ko waɗanda suka iya aikin sukan faɗa ciki.

Na farko shi ne ba wa baƙo public_html gaba ɗaya, da hujjar cewa ai ba a ba shi allon sarrafawa ba. A cikin wannan jakar ce WordPress ke ajiye fayil mai suna wp-config.php, wadda ke ɗauke da suna da kalmar sirrin rumbun bayanai a rubuce ƙarara. Wanda ya karanta ta, ya kuma sami damar ɗora fayil, ya isa ga duk abin da mutane suka cike a shafin.

Na biyu ya fi ɓoyuwa. Ko da an killace baƙo a ƙaramar jaka, muddin jakar tana cikin public_html, yana iya ɗora ƙaramar manhaja ta PHP, ya buɗe ta daga burauza. A yawancin masaukan haya, sabar za ta gudanar da wannan manhaja da ikon maigida ne, ba da ikon baƙon ba. Ke nan an rufe masa ƙofa amma an bar taga. Maganin mai sauƙi ne: a gina ɗakin baƙi a wajen public_html, wani daga cikin ƙungiya ya riƙa duba abin da aka ajiye kafin ya matsar da shi zaure. Idan hakan bai yiwu ba, a nemi kamfanin masaukin ya hana gudanar da PHP a jakar.

Sai batun hanya. FTP na asali yana tura kalmar sirri tsirara, ba lulluɓi, ta yadda wanda ke kan layin intanet ɗaya da mai turawa, a shagon kwamfuta ko a otal, zai iya tsinkayo ta idan yana da kayan aiki. Wannan na cikin dalilan da suka sa burauzar Chrome da Firefox suka daina karɓar FTP a 2021. Akwai sigogi biyu masu lulluɓi, FTPS da SFTP. A cPanel, ƙarin asusun da aka buɗe wa baƙo da FTPS yake aiki, shi kuwa SFTP na babban asusu ne. Saboda haka idan mai gyara ya ce a turo masa makullin maigida don ya fi tsaro, ba lallai yana da mugun nufi ba, amma abin da yake nema ya wuce abin da aikinsa ke buƙata.

Wani abu kuma da ya kamata shugaban ƙungiya ya iya ganewa ko da bai san kwamfuta ba shi ne lamba 777. Kowace fayil tana da lambobi uku da ke nuna wa zai karanta ta, wa zai canja ta. Abin da aka saba shi ne 644 ga fayil, 755 ga jaka. Lamba 777 na nufin kowane mai amfani da sabar yana da izinin rubutu a wurin. Masu gaggawa kan sa ta don hoto ya ƙi hawa, su manta ba su mayar ba.

Ƙofar da ba ta tambayar suna

Akwai kuma wani nau'in baƙunci da ya fi duka haɗari, wato buɗe FTP ga kowa, ba tare da kalmar sirri ta musamman ba. An ƙirƙire shi ne a zamanin da jami'o'i ke raba manhajoji da takardun bincike kyauta, kuma har yau wasu masaukan suna da maɓallinsa. A watan Maris na 2017, hukumar FBI ta Amurka ta gargaɗi asibitoci da wuraren likitocin haƙori cewa masu kutse na farautar irin waɗannan ƙofofi don kwasar bayanan marasa lafiya. Ta kafa hujja da wani binciken Jami'ar Michigan na 2015, wanda ya gano sabar FTP sama da miliyan ɗaya a buɗe haka.

Idan aka haɗa da izinin ɗorawa, abin ya wuce sata. Wani da ba a sani ba zai iya mayar da masaukin ƙungiya ma'ajiyar kayan damfara ko hotunan batsa, kuma sunan da ke kan rajistar hayar shi ne wanda jami'an tsaro za su fara nema. Ƙungiyar da ke son jama'a su sauke rahotonta ba ta buƙatar wannan ƙofa ko kaɗan. Ɗora rahoton a fuskar shafi ya wadatar.

Abin da ya faru da bayanan NIN

Wanda yake ganin wannan matsalar ƙananan ƙungiyoyi ce kawai, ya tuna 2024. A watan Maris na shekarar, kafar binciken ƙwaƙwaf ta FIJ ta bankaɗo wani shafi mai suna XpressVerify da ke sayar da bayanan katin ɗan ƙasa ga duk wanda ya biya 'yan kuɗi kaɗan. Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa, NDPC, ta ce binciken farko ya nuna mai yiwuwa wani ne da aka ba izinin tantance NIN ta halastacciyar hanya ya bar shafin ya yi amfani da makullinsa. A watan Yuni kuma, ƙungiyar Paradigm Initiative ta bayyana cewa ta sayi takardar NIN ta Ministan Sadarwa, Bosun Tijani, a kan naira 100 daga wani shafin, AnyVerify. Hukumar NIMC ta dage cewa ba a fasa rumbunta ba.

Ko da an ɗauki maganar NIMC yadda take, ba ta kwantar da hankali. Ma'anarta ita ce ba sai an fasa katanga ba. Baƙon da aka ba makulli ya isa, idan ba mai bibiyar wanda ya ara wa. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Haka abin yake a waje. A 2013 an kwashe bayanan katunan banki kusan miliyan 40 daga kamfanin Target na Amurka, kuma masu kutsen sun shiga ne da makullin wani ɗan kwangila mai gyaran na'urorin sanyaya wuri. A Mayun 2021, kamfanin bututun mai na Colonial Pipeline ya tsayar da aiki na kwanaki, ya kuma biya fansar kusan dala miliyan 4.4, bayan an shiga ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba.

Wannan na biyun shi ya fi kama da halin ƙungiyoyinmu. Baƙo raɓa ne, in ji masu iya magana, amma asusun FTP ba ya bushewa da hantsi. cPanel ba ya rufe shi da kansa. Yana nan har sai wani ya tuna. Shi ya sa ranar da aka buɗe asusu ya kamata a rubuta ranar rufe shi a littafin sakatare. Wajen rufewar ma akwai abin lura: allon zai tambaya ko a goge jakar baƙon tare da asusunsa. Idan jakar da aka ba shi tun farko public_html ce, amsa e na nufin shafin gaba ɗaya ya tafi.

Inda doka ta shigo

Amfanin ba kowa asusunsa bai tsaya ga tsaro ba. Sabar tana rubuta kundin shige da fice: wane asusu ya shiga, da wane lokaci, wace fayil ya ɗora ko ya sauke. Idan mutum goma suna amfani da suna ɗaya, kundin ba zai nuna komai ba sai wannan sunan.

Ga kafar labarai, wannan na iya zama bambanci tsakanin kwana a gida da kwana a ofishin 'yan sanda. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya yi ƙaurin suna wajen kama 'yan jarida, kuma gyaran da aka yi masa a Fabrairun 2024 bai kawo ƙarshen kamen ba. Idan wani tsohon ma'aikaci da aka rabu da shi ba daɗi ya shiga da kalmar sirrin kowa-da-kowa ya wallafa ƙazafi a kan wani ɗan siyasa, editan ba shi da abin da zai nuna cewa ba hannunsa ba ne.

Dokar dai tana da wani sashe da ba a cika ambata ba, alhali ya shafi wannan batu kai tsaye. Sashe na 31 ya wajabta wa ma'aikaci, na gwamnati ko na kamfani, ya miƙa duk kalmomin sirri da izinin shiga da zarar ya bar aiki. Wanda ya ƙi, har hakan ya zama barazana ga wurin aikin, yana fuskantar ɗaurin shekara uku ko tarar naira miliyan uku, ko duka biyun. Sai dai sashen ma'aikaci ya ambata. Masanin da ya gina shafi bisa yarjejeniyar baka, ya yi rajistar suna da masauki da imel ɗinsa da katin bankinsa, a idon kamfanin masauki shi ne mai shafin, ƙungiyar kuma ita ce baƙuwa. Gyara wannan ya kamata ya riga duk wani gyara: rajista ta koma imel ɗin ƙungiya, mutum biyu masu amana su riƙe babban makulli tare da tantancewa mai mataki biyu, shi kuma masanin a buɗe masa nasa asusun kamar kowa.

Sai Dokar Kare Bayanai ta Najeriya, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023. Ta ɗora alhakin kare bayanan mutane a kan wanda ya tattara su, ta kuma bukaci a yi rubutacciyar yarjejeniya da duk wanda za a ba damar sarrafa su. Idan bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, dole a sanar da NDPC cikin sa'o'i 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa; ta sauran kuwa naira miliyan biyu ce ko kashi 2 ɗin. Cewa aikin sa-kai ake yi ba ya mayar da lambar wayar manomi ta zama kayan kowa.

Tambayar da ta shafi ƙananan hukumomi

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Duk da jan ƙafar da ake yi wajen aiwatarwa, hukuncin ya ƙara ƙarfin kiran da matasa ke yi na a riƙa wallafa kasafi da kwangiloli a inda kowa zai gani. Kebbi tana da ƙananan hukumomi 21, uku daga ciki a Masarautar Yauri. Duk wadda ta buɗe shafi don amsa wannan kira za ta fuskanci tambayar da ke gaban ƙaramar ƙungiya, sai dai a nan kuɗin jama'a ne da tarihin jama'a.

Shafin da aka yi rajistarsa da sunan mai ba shugaban ƙaramar hukuma shawara kan kafafen sadarwa yakan tafi tare da shi ranar da wa'adi ya ƙare. Takardar kasafin da mutum biyar ke iya canjawa da makulli ɗaya kuwa ba hujja ba ce, domin ana iya sauya adadi da dare ba tare da an san wanda ya sauya ba.

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan ƙasa damar tambaya ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa dokar ta hau kan jihohi, ba gwamnatin tarayya kaɗai ba. Matashi a Yelwa ko Wara ko Shanga na iya rubuta wa sakatariyar ƙaramar hukumarsa wasiƙa mai layi huɗu: ko tana da shafin intanet, da sunan wa aka yi rajistarsa, nawa ake biya duk shekara kuma ga wane kamfani, sannan mutum nawa ne daga wajen ma'aikatanta ke da izinin taɓa fayilolinsa. Ba kalmar sirri ya nema ba, saboda haka zai yi wuya a fake da batun tsaro. Dokar ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa.